Kuratan Saja Kefas

Duk unguwarmu ta Rikoto a Zuru babu wanda bai san gwangwanin mijina Saja Kefas ba. Gwangwanin madara ne babba, yana ƙarƙashin gado kusa da takalmansa na fareti, shi kuwa sito yake kiransa. A ciki akwai kafso ja da baƙi, akwai ja da rawaya, akwai fararen ƙwayoyi masu tsaga a tsakiya, duk a zube, ba kwali ba takarda. Ni Magdalene da nake share ɗakin kullum ba ni da izinin ko matsar da shi.

Ga yadda sito yake cika. In ciwo ya kama Saja aka rubuta masa maganin mako guda, zai sha na yau, ya sha na gobe, da ya ji jiki ya saki sai ya tsaya cak, ya juye sauran a gwangwani. In na yi magana ya ce a bakin daga an koya musu wawa ne kaɗai yake harbe harsashinsa duka, mai hankali yana rage na gobe.

Na ce, "Baban Success, cikinka ba bakin daga ba ne."

Ya ce ni farar hula ce, ba zan gane ba. Tun muna bariki nake jin wannan farar hular, har kunnena ya saba.

Kuma ba ya rowa, wannan kam zan faɗa. Maƙwabci ya zo da ciwon kai, a ba shi biyu. Mai gudawa, biyu. Akuya ta yi tari, a fasa mata ɗaya a ruwa. Shi kansa in zai je biki inda za a sha burkutu, tun daga gida yake haɗiye ɗaya, wai ya tura masu gadi gaba.

Abu ɗaya ne ya fi gwangwanin nan daraja a wurinsa, shi ne tuta. Kowace shekara a tsakiyar Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, tsofaffin sojojin Zuru suna fita fareti, kuma Saja ne mai riƙe tutar ƙungiyarsu a gaba. Yakan tsaya a ƙame tun daga addu'o'i da jawaban manya har a busa begila a yi wa matattu shiru, ko ƙuda ba ya korewa. Samarin da suka bar ƙauyensu Manga tare da shi zuwa yaƙin basasa, yawancinsu ba su dawo ba. Ba ya maganarsu a gida. Ranar nan ce kaɗai yake tsaya musu, kuma duk shekara ita yake jira. A bayansa kuwa kullum akwai Kofur Haggai, abokinsa tun suna kurata, yana kallon sandar tutar kamar yaro a gaban mai tsire.

Ciwon ya fara ne bayan Kirsimetin dubu biyu da shida. Muna coci, yana layin dattawa a gaba, fasto bai gama karanta aya ba sai ga Saja ya miƙe ya fita. Ya dawo, ya zauna, ya sake miƙewa. Fasto ya ɗauka wa'azin ne yake taɓa shi, sai ya ƙara murya. Ya sake fita. Matan zumunta suka fara waiwayena, ni kuwa na kafa ido a littafin waƙa kamar yau na fara ganinsa.

A gida na ji shi a bayan gida yana nishi. Da ya fito na tare shi.

"Me ke faruwa?"

"Ba komai. Ɗan ƙaramin hari ne."

"Fitsari ne?"

Ya tsuke fuska. Daga baya dai ya amsa cewa ɗigo-ɗigo yake fita, da zafi kamar an zuba barkono, kuma da ya gama sai ya ji wani ya taru. Na ce mu je asibiti. Ya ce asibiti na waɗanda ba su da sito ne. Ya jawo gwangwani, ya sha ja da baƙi. Shiru. Ya koma ja da rawaya. Shiru. Ya haɗa su da farar, ya kora da kunu, ya zauna yana jiran labari daga ciki. Labarin da ya zo shi ne ya sake tashi da gudu.

Ranar da suka fita gwajin fareti na bi shi, don raina bai kwanta ba. An jera, an buga ganga, ya ɗaga tuta. Ba a je ko'ina ba na ga gwiwoyinsa suna haɗewa. Ya yi ta maza, ya cije, gumi na zuba. Can sai ya juya ya danƙa wa Haggai sandar, ya nufi bayan katanga da wata irin tafiya da ba a koyar da ita a soja. Da ya dawo ya tarar Haggai ya baje ƙirji, ya ɗaga haɓa, tutar tana kaɗawa a kansa.

"Oga, ka huta mana," in ji Haggai. "Ai ba ta da nauyi."

Saja ya fizge sandar. A hanyar gida kuwa babu abin da bai kira Haggai ba.

Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi. Yana rawar sanyi har gado na ƙara, yana dafe da kwiɓinsa, ya yi amai. Nan na daina neman izini. Na kira ɗan kabu-kabu mu sa shi a tsakiya mu kai shi asibiti. Duk da haka ya ƙi fita sai da na ɗauko masa ɗamarar tuta, wata farar ɗamarar fata mai ɗan aljihu a gaba inda gindin sanda yake zama. Wai kada Haggai ya zo ya lallaɓe ni. Na ɗauko ɗamarar, na kuma ɗauko gwangwani na cusa a jakata bai gani ba.

Likitar da muka samu Nkiruka ce, 'yar Ikechukwu mai sayar da kwanuka a kasuwa. A gabanmu ta girma, Hausarta ta fi tawa. Ta tambaye shi ko ya sha wani magani a gida.

Ya ce, "Ɗan kaɗan."

Na buɗe jaka na juye mata gwangwanin a kan tebur. Suka watse, wasu suka gangara ƙasa, nas tana bin su da ƙafa. Likita ta dubi tulin, ta dube shi. Shi kuma ya dube ni da jajayen idanu, ya ce a soja abin da na yi sunansa cin amana. Na ce ya kai ni ƙara in ya warke.

Aka karɓi fitsarinsa a kwalba, aka ba shi gado, aka sa masa ƙarin ruwa. Likita ta ce ciwon ya hau daga mafitsara ya kai ƙoda. Ta fara masa wani magani kafin sakamakon gwaji ya fito, amma zazzaɓin ko gezau. Na kwana biyu a kan tabarma a gefen gadon ina jin haƙoransa suna haɗuwa, kuma gaskiya na ji tsoro. Mutumin da ba ya iya shiru ya yi shiru.

Da sakamako ya fito ta zo ta ce ta gano dalili. Ƙwayoyin cutar da ke jikinsa ba sa jin maganin da ta fara ba shi, ba sa kuma jin ko ɗaya daga cikin na gwangwani. Saja ya ɗago kai da ƙyar.

"Ba sa ji? Ƙarya ne. Ina so in ga abokan gaban da idona."

Ta yi dariya, amma ta ga in bai gani ba ba zai yarda ba. Aka tura shi a keke har ƙofar ɗakin gwaji, aka fito da wani ɗan faranti mai murfi, ta ce kada mu taɓa. A ciki akwai abu kamar daskararren kunu, wani fari-fari ya tsiro ya rufe shi, ga kuma 'yan takardu zagayayyu an jera a kai.

Ta ce, "Baba, wannan farin su ne, daga fitsarinka aka shuka su. Kowace takarda an jiƙa ta da magani daban. Wannan ja da baƙinka ne. Ka ga sun zo har jikinta sun zauna. Wannan ja da rawaya. Wannan farar. Duk sun kewaye su, ko a jikinsu. To dubi wannan ta gefe. Ka ga fili wayam a kewayenta? Ita kaɗai suka kasa matsowa kusa."

Saja ya yi tsuru yana kallo.

"Da can ja da baƙi ɗaya yana gama da su," in ji shi.

"Da can, e. Amma duk lokacin da ka sha biyu ka tsaya, raunana ne suke mutuwa. Masu tauri su saura, su hayayyafa, 'ya'yansu su taso sun riga sun san maganin. Ka yi ta yi musu haka shekara da shekaru. Kai ka horar da su, Baba."

"Ni?"

"Kai."

Ya sake duƙawa a kan farantin. Ina jira in ga nadama. Allah ya sani, abin da na gani a fuskar mutumin nan alfahari ne. Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Na daɗe ina horar da kurata a Zariya. Ban taɓa yaye rago ba."

Na ce, "To sara musu mana, tunda 'ya'yanka ne." Da ba don idon mutane ba da na kife keken.

Maganin da ya rage allura ce, safe da yamma, a ɗuwawu. Nas Rabi ce mai yi, yarinya ƙarama mai hannu kamar na maƙeri. Mutumin da yake cika baki da tabon harsashi a cinya, in ya ji ƙarar tirenta sai ya fara tambaya ko ba a yi ta ƙwaya. Amma allurar ta yi aiki. Zazzaɓi ya sauka, aka cire ƙarin ruwa, fitsari ya fara fita ba kuka. Ya ci tuwo ya nemi ƙari. Da bakinsa ya dawo na san wahalata ma ta dawo.

Da farko ya kira Rabi gefe ya ce tunda ya ji sauƙi, ta tsaya haka, ta ba shi sauran kwalaben ya tafi da su gida, zai buɗe sabon sito. Ta ce, "Baba, juya." Ya juya.

Sai ya koma kan likita. Fareti ya matso, allura kuwa sai bayan fareti za ta ƙare. Ya ce ta sallame shi. Ta ƙi. Ya ce to ta ba shi aron safiya guda, zai je ya dawo. Ta ce mutumin da jiri yake ɗiba tsakanin gado da bayan gida ba zai tsaya a rana har a gama jawabai ba, kuma in fitsari ya matsa shi a fili fa?

Ya ce ya riga ya tsara wannan. Tun daren jajibiri ba zai sha ruwa ba, ko ɗigo.

Likita ta daina murmushi. Ta ce allurar nan ba ta shiri da ƙishirwa, in jiki ya bushe ƙodar da ake ƙoƙarin ceto ita za ta fara ci. Kuma in ya yanke ta a tsakiya, masu taurin za su koyi ita ma, daga nan ba ta da wani abu a kantarta da za ta ba shi. Ta nuna masa gadon da ke kusa da nasa.

Mai gadon Malam Ladan ne, manomi daga Mahuta, dattijo mai fara'a, da robar fitsari a jikinsa da jaka rataye a ƙarfen gado. Da ta fita shi ya ɗauki zancen.

"Saja, ni ma haka na yi. Na ji sauƙi, ga dawa ta nuna a gona, na sulale. Na dawo fitsari ya ɗaure gaba ɗaya, aka sa mini wannan robar. To ashe ta robar wasu suke hawowa, irin na asibiti. Likita ta ce naka na gida ne, nawa kuwa sun girma a nan, babu maganin da ba su gani ba. Allurarka ma an yi mini, suka sha kamar fura. Yanzu wani ake jira daga Sakkwato. Dawar kuma surukina ya girbe, ban ga ko zangarniya ba."

Saja ya dubi jakar. Ya ce, "Naka sun je kwas ke nan."

"Sun je, har sun dawo da igiyar ƙarin girma," in ji Ladan, suka yi dariya. Amma na lura dariyar Saja ba ta kai ciki ba.

Duk da haka ban yarda da shi ba, na san abina. Da zan je gida ɗauko abinci na naɗe wandonsa da rigarsa na tafi da su, na bar shi da zanena mai hoton taron zumunta. Na dawo na same shi zaune ya ɗaura zanen a ƙirji, ga fuskar shugabar mata a kan cikinsa, yana huci. Ya ce an kwance masa ɗamara a gaban jama'a. Na ce ya ci abinci.

Ranar jajibiri da la'asar sai ga Haggai, ya sha guga, da lemo a leda. Ya gaishe ni, ya gaida Ladan, ya yi wa Saja sannu, amma idonsa yana kan matashin kai, inda bakin farar ɗamarar ya leƙo.

"Oga, 'yan kwamiti ne suka ce in zo in ji. Ko za ka samu fitowa, ko kuwa..."

"Zan fito."

"Da wannan zanen?"

Saja ya juyo kaina. "Maman Success, ba ni wandona."

Ban san abin da ya hau kaina ba. Na gaji. Na gaji da tabarma, da warin asibiti, da gadin dattijo kamar ɗan yaye. Na buɗe jaka na ciro wandon, don dama yana ciki, na jefa masa a cinya.

Na ce, "Ga shi. Sa ka tafi. Ka ƙi shan ruwa, ka tsaya a rana, a tafa maka. Baɗi kuma Haggai ne dai zai riƙe tutar, ni in zauna a rumfar gwauraye da farin kallabi, a busa begila a yi maka shiru tare da na Manga. Su ba su da zaɓi, harsashi ne ya same su. Kai kuwa fitsari ne zai kai ka, da taurin kai. Ni tsoro nake ji, Baban Success. Ban shirya zaman gidan nan ni kaɗai ba."

Haggai ya shiga gyaran ledar lemo da ba ta buƙatar gyara. Saja ya riƙe wandon, yana kallonsa. Sannan ya ajiye shi a gefe, ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya jawo ɗamarar.

"Kofur."

"Oga."

"Aro ne. Kada ka ƙara mata huda, cikinka ne zai bi ɗamara. In iska ta taso kada ka yi kokawa da ita, ka matse gwiwar hannu. In an busa begila ka sunkuyar da tutar a hankali, ba kamar mai kakkaɓe tabarma ba. Kuma kada ka yi murmushi, na san ka."

Haggai ya karɓa da hannu biyu. Na ɗauka zai yi rawa. Sai na ga ya ƙame ya sara, idonsa ya kawo ruwa, ya fita da sauri har ya manta bai ajiye lemon ba.

Da safe muka fara jin badujala daga filin, iska tana kawo ta tana mayarwa. Saja yana zaune a bakin gado da kofin ruwa a hannu, yana sha yana ɓata rai. Ya kasa kunne.

"Haggai yana sauri," in ji shi.

Na ce, "Daga nan kake ganinsa?"

"Ina ji a gangar. Mai ganga yana bin ƙafarsa."

Aka daɗe ba a jin komai, lokacin jawabai ke nan. Ya je bayan gida ya dawo da ƙafarsa, ba gudu. Can sai begila ta tashi, siririya, daga nesa. Ya ajiye kofin. Ya dafa gado ya miƙe, ya haɗa dugadugansa a kan siminti, ba takalmi. Na matsa in riƙe shi, ya girgiza kai. Hannunsa na dama ya tashi ya dunƙule a gaban ƙirjinsa, daidai inda sanda take zama, babu komai a ciki.

Malam Ladan ya yunƙura ya zauna. Wani mai karyayyar ƙafa a ƙarshen ɗaki ya kashe rediyonsa. Nas Rabi ta shigo da tirenta, ta gan shi, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ƙara taku ba. Ina ganin leɓunansa suna motsi, sunaye yake kira ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ban taɓa jin ya faɗa ba. Bai zauna ba. Ni da na zo da shirin tsokanarsa, kuka na yi, na toshe baki da gefen zane.

Begila ta sake busawa, ganga ta ɗauka. Ya sauke hannun a hankali, ya share fuska da tafinsa, ya dubi Rabi.

Ya ce, "'Yata, ta jiya a hagu kika yi."

Ya juya mata dama, ya kama ƙarfen gado.